Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar NBC: A Bar Ƙauyukanmu Su Mallaki Rediyonsu

Zuwa ga Shugaban Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa, NBC, Abuja, tare da sauran manyan jami'an hukumar.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na zaɓi in rubuto muku a bainar jama'a ne saboda maganar ba tawa ba ce ni kaɗai. Roƙona ɗaya ne: ku sauƙaƙa wa mutanen karkara hanyar mallakar ƙananan gidajen rediyo nasu na kansu, sannan ku tsaya tsayin daka kada 'yan siyasa da masu hannu da shuni su kwashe lasisin da sunan al'umma. Ni tsohon malamin gona ne. A ƙauyukan arewacin Jigawa na yi aiki har na ajiye, kuma abin da idona ya gani a can shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ba sai an gaya muku irin shaƙuwar mutanenmu da rediyo ba. Sashen Hausa na BBC ya fara magana tun 1957, Rediyon Kaduna ya zo a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Makiyayi na rataye da akwatinsa a kafaɗa, tela na da nasa kusa da keke, uwargida na da nata a bakin murhu. Yanzu kuma kowace 'yar ƙaramar waya tana kama FM. Shi ya sa za ka iske dattijon da bai taɓa shiga aji ba yana yi maka bayanin rikicin Gabas ta Tsakiya dalla-dalla, ya san wanda ya ci zaɓe a Faransa, ya san abin da majalisa ta tattauna jiya a Abuja. Amma wannan dattijon ba zai ji a rediyo cewa gadar da ke kan hanyar kasuwarsu ta karye ba, sai ya ɗora buhunansa a amalanke ya isa wurin. Shekara sittin da ɗoriya yana sauraron duniya, ba a taɓa miƙa masa makirufo ba.

Na san za a ce ai gidajen rediyo sun yi yawa yanzu. Gaskiya ne. Tun da Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, tashoshi masu zaman kansu suka yi ta ɓullowa, kuma sun yi aikin da ya cancanci yabo, sun ba talakan birni bakin magana. Sai dai kusan dukkansu a manyan birane suke, kuma kasuwanci suke yi. Mai tasha yana da dizal da zai saya da albashin da zai biya, dole ya sayar da fili ga wanda ya iya biya. Wanda ya iya biya kuwa shi ne ɗan siyasa da sojojin bakansa, da mai tallan magani, da kamfani. Gidajen rediyon jihohi kuma kowa ya san da labarin gwamna suke buɗewa, da shi suke rufewa. Ƙauye ba ya shiga labarai sai in masifa ta sauka: an kai hari, kwale-kwale ya kife, ruwa ya ci gari. Wakili ya zo ya ɗauki murya ta minti ɗaya ya koma birni. Yadda mutanen suke rayuwa kafin masifar, da yadda suka ƙare bayanta, babu mai ji.

Wannan giɓin aka ƙirƙiro rediyon al'umma ya cike. Tasha ce ƙarama wadda muryarta ba ta wuce 'yan kilomitoci, mallakar mutanen wurin ce, su ke zaɓen kwamitin da ke tafiyar da ita, da harshensu take magana, kuma ba don riba aka kafa ta ba. Yarjejeniyar yaɗa labarai ta Afirka da aka amince da ita a Windhoek a 2001 ta fayyace cewa kafafen rediyo da talabijin kashi uku ne: na hukuma, na 'yan kasuwa, da na al'umma. A Nijeriya biyu na farko sun yi ƙiba, na uku har yau rarrafe yake yi.

Tarihin abin a hannunku yake, amma bari in tuna wa masu karatu. An kafa hukumarku a 1992 da Doka mai lamba 38, a zamanin Janar Babangida, kuma a 1994 Ray Power ta fara aiki a Legas a matsayin rediyo mai zaman kansa na farko. Daga 2003 ƙungiyoyin farar hula suka fara fafutukar a ba al'ummomi nasu lasisin. A 2006 gwamnatin Obasanjo ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Farfesa Alfred Opubor ya tsara manufar rediyon al'umma. A 2010 gwamnatin Jonathan ta yi shelar cewa ta amince a fara ba da lasisin. Sai a watan Mayu na 2015, gab da miƙa mulki, aka amince da rukunin farko: guda 17 kacal, ciki har da na mutanen Lavun da ke Kutigi a Jihar Neja. Guda 17 a ƙasar da ke da ƙananan hukumomi 774, bayan shekara goma sha biyu ana roƙo. Na san an ƙara wasu daga baya, har a 2021 aka amince da sababbin lasisi 159 na rediyo da talabijin, wasu daga ciki na al'ummomi ne. Na kuma san ba duka laifin ke wuyanku ba, tunda sashe na 39 na kundin tsarin mulki ya ce babu mai kafa gidan rediyo ko talabijin, in ban da gwamnatin tarayya da ta jiha, sai da amincewar Shugaban Ƙasa. Wato mutanen wani ƙauye da ke son tashar da ba za ta wuce gundumarsu ba, sai takardarsu ta jira sa hannun fadar shugaban ƙasa, kamar mai neman kafa tashar da za ta game ƙasa baki ɗaya. Amma ku ne ƙofar da takardar ke bi, ku ne kuma masu ba gwamnati shawara. In kuka matsa, abin zai motsa.

Ku leƙa maƙwabta. A Jamhuriyar Nijar an buɗe rediyon al'umma na farko a 1999 a Bankilare, wani gari a yankin Tillaberi da ba shi da wutar lantarki a lokacin, da taimakon hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Da hasken rana tashar ke aiki. Daga nan abin ya bazu har tashoshin suka haura ɗari, cikin Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci. Mali ta riga su ma, tun 1988 take da rediyon karkara a Kayes. Ƙasashen nan ba su kai mu arziki ba, ba su kai mu yawan masu ilimin aikin jarida ba. Abin da suka fi mu shi ne sun yarda cewa baƙauye zai iya riƙe makirufo.

Ni ba a takarda na karanta amfanin abin ba. A ƙauyukanmu na bakin iyaka, wajajen Maigatari da Babura, in an yi sallar isha'i aka taru a teburin mai shayi, sau da yawa tashar tsallake ake kamawa. Mai gabatarwa ba shi da muryar ƙwararru, wani lokaci har kana jin ƙarar takarda a hannunsa da kukan akuya a bayansa. Sai ya ce ga cigiya: an nemi wata karsana fara mai baƙin kunne an rasa tun ranar kasuwa, tana da tsaga a kunnen hagu, wanda ya gani ya sanar da mai gari. Nan take teburin zai yi tsit, kowa na tunanin garken da ya gani a hanya. Daga nan ya faɗi yadda aka sayar da tiyar gero da ta wake a kasuwannin yankin, ya faɗi ranar da masu allurar dabbobi za su zo da inda za a tara shanu, ya karanta sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure. In kaka ta yi, ya sanar da ranar da hukuma ta tsayar ta sakin gonaki, ya maimaita da Hausa da Fulatanci, don manomi ya san ranar da zai gama kwashe amfaninsa, makiyayi ya san ranar da zai shigo da dabbobinsa. Mutanenmu na wannan gefen da wannan labarin suke auna abin da za su kai Maigatari ranar Alhamis. Abin yana yi mini daɗi, yana kuma yi mini ciwo, don 'yan Nijeriya ne ke aron muryar wata ƙasa su ji labarin da ya fi kusa da su.

Wannan sanarwa ta sakin gonaki kaɗai ta isa a yi tunani. Rikicin manoma da makiyaya da ya cinye mana rayuka, yawancinsa daga ƙaramin abu yake farawa: burtali da aka nome, mashaya da aka toshe, garke da ya shigo kafin a ɗauke karan dawa, sai jita-jita ta ɗauka ta ninka. Inda akwai tashar da ardo da sarkin noma za su zauna gefe da gefe su yi magana kowa na ji, inda za a ce labarin da kuka ji da rana ba haka yake ba, ga wanda abin ya faru a gabansa, wuta da yawa za ta mutu tun tana hayaƙi.

A fannin da na sani kuwa, wato noma, ba ni da shakka ko kaɗan. Malamin gona ɗaya ke duba dubban manoma, ba zai taɓa zagaye su a lokacin da ya dace ba. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina kowace shekara, tana faɗin lokacin da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa da inda za a samu tsaikon ruwa a tsakiya. Aiki ne mai kyau, amma a ɗakin taro ake ƙaddamar da shi, kuma manomin da zai yanke shawarar ko ya yi binne ko ya jira, ko ya shuka iri mai saurin nuna, ba kasafai yake jin na yankinsa ba. A 2016 da tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon ta afka wa Kadawa ta Jihar Kano da sauran wuraren noman rani, mutane sun yi ta zuba kuɗi a magungunan da ba sa kashe ta, kowa na bin abin da mai shago ya gaya masa. Tasha guda a tsakiyar masu noman, da malamin gona da tsofaffin manoma suna amsa tambayoyi kowane dare, da ta rage asarar.

Haka batun ambaliya. Mutanen Auyo da Kafin Hausa da Hadeja da Guri sun san ruwan da ke sauko musu daga madatsun Tiga da Challawa, sun san yadda ciyawar kacala ke toshe hanyoyin ruwa har kogi ya fasa. A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a faɗin ƙasar nan, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Gargaɗin da ake yi daga Abuja cewa jihohi kaza su yi hattara bai ishi mai gida ya san ko daren yau zai kwashe iyalinsa ba. Abin da yake buƙata shi ne muryar wanda ya sani tana cewa ruwa ya kai wuri kaza da la'asar, jingar gari kaza ta fara tsagewa, matasa su fito da buhunan yashi, mata da yara su nufi makarantar firamare. Tashar da ke babban birni ba za ta iya wannan ba, ko da tana so.

Akwai kuma maganar harshe, wadda mu Hausawa ya kamata mu fi kowa faɗa, don harshenmu ne ke haɗiye na maƙwabta. Badanci da Ngizimanci da Karekare a Yobe, Warjanci a Bauchi, Dakarci da Kambarci a Kebbi da Neja, harsunan kudancin Kaduna da na tsaunukan Adamawa, da yawansu rabonsu a rediyon jiha bai wuce 'yan mintoci a mako ba, wasu ko hakan ba su samu. Yaro yana tashi bai taɓa jin harshen kakarsa ya fito daga akwatin rediyo ba, sai ya ɗauka harshen na cikin gida ne kawai, ba na ilimi ko labarai ba. Ko a cikin Hausar ma, Basakkwace da Bahaɗeje da Bagudduri suna da haƙƙin jin karin maganarsu ba tare da an mai da shi abin barkwanci a wasan kwaikwayo ba. Mata kuma su ne suka fi kowa sauraro, su ne aka fi ƙarancin ji. Matar da ba za ta je taron gari ba za ta iya aiko da tambayarta ga ungozoma ko ma'aikaciyar asibitin garinsu, wadda ta san fuskarta, ta kuma yarda da ita. Mun ga abin da rashin yarda ya jawo a 2003 lokacin da aka ƙaurace wa allurar shan inna. Mun ga yadda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, iyaye na niƙa dutsen zinariya a tsakar gida ba su san ajali suke shaƙa wa 'ya'yansu ba.

Na san abin da ke sa hukumomi ɗari-ɗari. Ana tuna Ruwanda a 1994, inda aka yi amfani da rediyo aka ingiza kisan ƙare dangi, ana kuma duba halin tsaron da muke ciki. Tsoron ba na banza ba ne. Amma waccan tashar ta Ruwanda ba ta talakawan ƙauye ba ce, manyan da ke kusa da mulki ne suka kafa ta suka zuba mata kuɗi. Sannan jita-jitar da ake gudu ai ta riga ta shiga kowane ƙauye ta saƙon murya na WhatsApp da bidiyon TikTok, ba a san wanda ya ƙirƙira ba, ba wanda za a kama. Gidan rediyo kuwa yana da adireshi, yana da lasisi, yana da kwamiti da kowa ya san gidajensu, ana kuma iya ajiye duk abin da aka watsa don ku saurara. Wanda zai haɗu da mutane a masallaci da kasuwa gobe da safe ya fi kowa tauna magana kafin ya furta. Ku tuna kuma da watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato saboda yaƙi da 'yan bindiga. Makonni mutane ba su da hanyar jin halin da garin da ke kusa da su yake ciki. Rediyo ne kawai ya rage, shi ma daga nesa yake magana. Tashoshin waje da muka dogara da su ma ba tabbas gare su ba: a watan Maris na 2025 Muryar Amurka ta yi shiru saboda shawarar da aka yanke a Washington, ba wanda ya tambayi mai sauraro a Gumel ko Illela.

Ba na cewa abin ba shi da wahala. Tashoshin Nijar da nake yabo suna fama: batir ya mutu a rasa na canji, masu aikin sa kai su gaji su tafi neman abinci, ƙungiyar da ta kawo kayan ta tattara ta tafi. Wani lokaci kuma tsayawa da jama'a yana jawo fushin manya. A Ghana, Radio Ada da ke magana da harshen Dangme tun 1998 ta daɗe tana ba masu haƙar gishirin tafkin Songor damar faɗin kokensu, kuma a watan Janairu na 2022 wasu 'yan daba suka afka wa tashar suka farfasa kaya. Wannan ya nuna mini cewa aikin hukuma irin taku bai ƙare a ba da takarda ba. Ƙaramar tasha tana buƙatar mai tsaya mata.

To, ga abin da nake roƙo. Ku fitar da neman lasisin al'umma daga Abuja ku kai shi ofisoshinku na shiyya, da bayani cikin Hausa da Fulatanci da Barbarci da sauran harsuna, ku kuma sa wa'adin da za a ba mai nema amsa, ko e ko a'a, tare da dalili. Kuɗin lasisi da na sabuntawa ya zama abin da ƙungiyar ci gaban gari za ta iya tarawa da karo-karo. A watan Agusta na 2022 kun sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashin da ya kai naira biliyan 2.6, cikinsu har da manyan kamfanoni da gidajen gwamnatocin jihohi. In waɗannan sun kasa, ina ga manoman da kuɗinsu sai kaka? Ku kuma bar tashoshin su ci daga guminsu: kuɗin sanarwar biki da suna, katin gaisuwa, tallan mai injin niƙa da mai shagon taki. Da irin wannan ake sayen batir a ba matasan da ke aiki na sabulu.

Abin da ya fi damuna shi ne mallaka, kuma a nan nake roƙon ku fi tsanantawa. Dokarku ta hana ba jam'iyyar siyasa ko ƙungiyar addini lasisi, amma kowa ya san yadda ake zagayowa ta bayan gida. Ɗan majalisa ya yi wa ƙungiya rajista da sunan garinsu, ya sa ƙannensa da yaransa a matsayin amintattu, ya karɓi lasisi mai rahusa, ranar zaɓe tashar ta koma bakinsa. In haka ta faru, gara ma ba a ba da lasisin ba, don an ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi ne da sunan talaka. Kada ku tsaya a kan takardun da aka kawo muku. Ku tura jami'anku garin, a tara mutane a fili, a tambaye su ko sun san da maganar, wa ya zaɓi kwamitin, mata nawa ne a ciki, akwai makiyaya, akwai waɗanda ba addininsu ko harshensu ɗaya da mafi rinjaye ba, yaushe za a sake zaɓe. Shugaban ƙaramar hukuma da hakimi su taimaka in suna so, amma kada makullin ɗakin watsa shiri ya kwana a aljihunsu. Ku wallafa sunayen dukkan tashoshin al'umma da aka ba lasisi, da inda suke, da waɗanda ke aiki da waɗanda suka yi shiru, don jama'a su taya ku sa ido. Kada kuma a lissafa tashoshin jami'o'i a ce an cika alƙawari. Suna da amfaninsu wajen koyar da ɗalibai, amma harabar jami'a ba ƙauye ba ce.

Sauran biyun sun fi ƙarfinku ku kaɗai, amma bakinku ya fi namu isa. Ku nemi Majalisar Tarayya ta gyara doka yadda lasisin ƙaramar tasha zai ƙare a teburinku ba sai ya je fadar shugaban ƙasa ba. Ku kuma nemi a kafa asusun tallafa wa kafafen al'umma, kamar yadda Afirka ta Kudu ta yi da dokar da ta zartar a 2002, a riƙa ba da farantan sola da na'urar watsa shiri da horo, a haɗa tashoshin da sassan koyar da aikin jarida na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Maiduguri, ɗalibai su je su koyar su kuma koyo.

Ina roƙon kafin damina mai zuwa ku kira taro a kowace shiyya, ku gayyaci ƙungiyoyin manoma da na makiyaya da na mata da na 'yan kasuwar ƙauye, ku gaya musu da bakinku yadda ake neman lasisin da abin da zai ci, ku fara da ƙananan hukumomin da ambaliya da rashin tsaro suka fi addaba. Akwai garuruwan da za su ba da fili da ɗaki a ranar, akwai kuma matasa masu diploma da digiri zaune a gida da za su riƙe aikin.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da aka ɗora muku.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin gona daga Jihar Jigawa